Ɗaga Ƙarfe da Atisayen Juriya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Haɗa Biyun

Kowane wurin ɗaga ƙarfe yana da irin mutumin nan: ƙirji faffaɗa, damtse ya cika hannun riga, yana tsugunawa da kilo 140 a kafaɗa ya miƙe ko gezau. Amma ka sa shi ya hau bene hawa huɗu da ƙafa, kafin ya kai na uku ya dafa bango yana haki. Na san shi sarai, domin na yi shekaru ni ne shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na yi wa kaina a lokacin, kuma su ne abokan atisaye ke yi mini yanzu. Duk inda na ce "kadiyo", ina nufin motsin da ke sa zuciya da huhu aiki na tsawon lokaci ba yankewa: tafiya da sauri, sassarfa, gudu, tuƙa keke, iyo, tsallen igiya da makamantansu.

Ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako, ina jiƙewa da zufa, zuciyata na dukan uku-uku. Wannan bai wadatar ba?

Yana da amfani, amma bai maye gurbin kadiyo ba. Saurin bugun zuciya kaɗai ba ya nuna irin aikin da zuciyar ke yi. Idan ka ɗauki nauyi mai yawa, kakan riƙe numfashi ka matse ciki, tsokar da ke aiki ta danne hanyoyin jinin da ke ratsa ta, sai zuciya ta yi ta turo jini da ƙarfi cikin matsi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka zauna ka huta. A gudu ko keke kuwa, tsokar ƙafa tana matsewa tana sakewa, tana mayar wa zuciya da jini mai yawa, zuciyar ta cika ta fitar, ta cika ta fitar, har minti ashirin ko arba'in. Mutum a zaune zuciyarsa na tura kusan lita 5 na jini a minti ɗaya, a tsananin gudu kuma takan wuce lita 20. Wannan yawan cika da fitarwar ne ke sa zuciya ta koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, shi ya sa bugun zuciyar masu gudun dogon zango a lokacin hutu yake sauka ƙasa da 60, wasu har cikin 40.

Zufa kuma ba ma'auni ba ce. Wanda ya zauna a ɗaki mai zafi ma zai yi ta.

Gaskiya ne kadiyo yana cinye tsoka?

Wannan ce uwar tambayoyin, kuma tsoron yana da asali. A 1980 wani mai bincike a Amurka, Robert Hickson, ya wallafa sakamakon wani gwaji na mako 10. Ya kasa mutane kashi uku. Kashi na farko suna ɗaga ƙarfe da ƙafa kwana 5 a mako. Na biyu suna keke da gudu mai tsanani kwana 6 a mako, minti 40 kowace rana. Na uku kuwa aka ɗora musu duka biyun. Har wajen mako na 7 ƙarfin masu haɗawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na masu ƙarfe zalla, daga nan ya tsaya, a makonni biyun ƙarshe ma ya fara komawa baya. Juriyarsu kuwa ba ta samu tawaya ba, ta ƙaru kamar ta masu gudu zalla. Tun daga nan maganar ta bazu a wuraren atisaye cewa ba a tauna taura biyu.

Sai dai ka sake duba nauyin da aka ɗora wa mutanen nan. Atisaye goma sha ɗaya a mako, duka masu wuya, duka a kan ƙafafu guda biyun nan. Wa ke yin haka cikin masu tambayar? Binciken da aka yi ta yi bayan nasa ya sassauta maganar ƙwarai. Wani nazari da Moritz Schumann da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama ya auna su tare, ya nuna cewa haɗa biyun bai hana tsoka girma ba, bai kuma rage iyakar nauyin da mutum ke ɗagawa ba. Abin da ya taɓu shi ne ƙarfin zabura, wato irin wanda ake buƙata a tsalle ko fizgar ƙarfe da sauri, musamman idan an yi biyun a zama ɗaya.

Ni a ganina, yawancin masu kukan cewa kadiyo ya zubar musu da tsoka sun bar jaki suna dukan taiki. Idan ka bincika za ka tarar sun ƙara gudun awa uku a mako, ba su ƙara ko loma ɗaya a abincinsu ba, barcin ma ya ragu don sun fara tashi da sassafe. Gajiya da ƙarancin abinci ne suka yi ɓarnar.

To me ke faruwa a cikin tsokar da har ake zargin biyun da kishi?

Bayanin da aka fi yi shi ne na saƙonni biyu. Ɗaga nauyi yana kunna wata hanya a cikin ƙwayoyin tsoka da ake kira mTOR, wadda ke cewa a gina. Dogon atisaye mai ƙarar da makamashi yana kunna wani sinadari mai suna AMPK, wanda ke cewa a yi tattali, kuma a gwajin ɗakin bincike an ga yana iya rage muryar na farkon. A jikin ɗan Adam da ke ci yana ƙoshi yana kuma hutawa, abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Bayanin da ya fi sauƙi shi ya fi yawan zama gaskiya: ƙafar da ta gaji jiya ba za ta ɗauki nauyin da ta saba ba yau.

Ni ƙarfi da tsoka kawai nake nema. Me zan ƙaru da shi?

Abu na farko za ka gan shi a wurin ƙarfen ne kansa. Makamashin gaggawa da tsoka ke ƙonawa idan ka ɗaga nauyi mai yawa, wanda ake kira fosfokiriyatin, yana yin ƙasa sosai cikin daƙiƙa goma ko sama da haka kaɗan. Mayar da shi kuwa sai da iskar oksijin. Ke nan hutun minti biyu ko uku da kake yi tsakanin zagaye da zagaye, wato bayan kowane jerin ɗagawa da ka yi ba tsayawa, aikin zuciya da huhu ne. Wanda juriyarsa ke da kyau yakan dawo zagaye na huɗu da sauran kuzari, wanda ba shi da ita kuma yana nan sunkuye, hannu a gwiwa, yana jiran numfashi. Da yawa suna yanke tsuguno a karo na takwas alhali ƙafar tana da sauran huɗu, numfashi ne ya ƙare.

Na biyu shi ne lafiya. Tun 1953 likita Jerry Morris ya kwatanta direbobi da kwandastocin bas masu hawa biyu a Landan, ya gano cewa kwandastocin da ke wuni suna hawa da sauka a matakala ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da ke wuni a zaune ba. Daga lokacin zuwa yau hujjoji sai ƙaruwa suke yi a kan hawan jini, sukari da kitsen jini. Damtse ba ya hana jijiyar zuciya toshewa.

Nawa ne ya isa a mako?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko a gauraya, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Kai ka riga ka cika na ƙarshen. Minti 150 ɗin nan kuma inda za ka dosa ne, ba lallai ka fara daga can ba. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da minti 20 sau biyu a mako, ya riƙa ƙara minti biyar-biyar, bayan wata guda ya ƙara rana ta uku. Tafiya da sauri tana shiga lissafi.

Wanne zan zaɓa: gudu, keke, iyo ko wani abu?

Wanda za ka iya ɗorewa a kai, matuƙar bai hana ka ɗaga ƙarfenka ba. Amma ba duka suke ɗaya a jikin mai ɗaga nauyi ba.

Gudu ya fi kowanne cin jiki. Duk taku ɗaya ƙafa na karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu ko fiye, kuma tsokar cinya da ta sha-raɓa suna yin birki a kowace dira. Irin wannan birkin ne ke jawo tsamin jiki na kwana biyu. Mutum mai kilo 95 da ya fara gudu rana tsaka, gwiwoyinsa da ƙwaurinsa ne za su fara ba shi labari. Keke ba shi da wannan dirar, kuma motsinsa ya yi kama da na tura nauyi da ƙafa, shi ya sa masu horarwa da yawa ke fifita shi ga masu neman ƙarfi. Tafiya da sauri a kan injin gudu da aka ɗaga gabansa, ko hawan tudu, ita ce na fi ba wa sabon shiga shawara: numfashi na tashi, gaɓoɓi ba sa kuka. Injin tuƙa kwale-kwale yana da kyau ƙwarai, sai dai yana aiki da baya da ƙugu, don haka kar ka sa shi washegarin ranar da ka ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Iyo yana hutar da ƙafa, amma wanda bai ƙware ba zai gaji kafin zuciyarsa ta samu aikin kirki.

Idan kana son gudu a ranka, yi abinka. Ka dai shige shi a hankali.

Yaya zan san ƙarfin da ya dace in yi?

Gwajin magana ya ishe ka. Idan kana iya yin jimla cikakkiya kana cikin motsi amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana matsakaicin mataki. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya fitarwa kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Mafi yawan kadiyon mai ɗaga ƙarfe ya kamata ya zauna a na farkon, kuma nan ne ake samun matsala, domin mu masu ƙarfe mun saba da cewa atisayen da bai yi zafi ba wasa ne. Sai mutum ya hau keke da niyyar tafiya a hankali, minti biyar ya ƙara nauyin feda, minti goma yana cije haƙora. Ya sauka bai yi mai tsananin da zai amfane shi ba, bai kuma yi mai sauƙin da zai bar masa ƙafa don gobe ba.

Mai agogon auna bugun zuciya yana iya amfani da lissafin nan da aka sani: a cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugunka a minti. Ɗan shekara 30 zai samu 190, sai ya riƙe atisayensa mai sauƙi tsakanin kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na wannan, wato wajen 115 zuwa 140. Akwai wani lissafin na Hirofumi Tanaka da abokansa na 2001: a ninka shekaru da 0.7, a cire daga 208. Dukansu ƙiyasi ne, suna iya kauce wa gaskiyar jikinka da bugu goma ko fiye. Idan agogo ya ce kana daidai amma kai ba ka iya magana, jiki magayi, shi za ka bi.

Kafin ƙarfe zan yi ko bayansa?

Abin da ka fi so ya ci gaba shi za ka fara yi, lokacin da jiki ke da sabon kuzari. Ga mai neman ƙarfi, ƙarfe ne a gaba. Minti biyar zuwa goma na ɗumama jiki a kan keke kafin ka fara ba ya cikin wannan maganar, wannan ma ana so.

Mafi kyau shi ne a raba su rana daban-daban. Idan ba hali, a sa tazarar sa'o'i a tsakani, shida idan zai yiwu, ko aƙalla uku, a ci abinci a tsakiyar. Idan wannan ma bai samu ba, ka gama ƙarfe ka bi shi da minti 20 mai sauƙi. Abin da zan hana ka shi ne gudu mai tsanani a daren da gobensa za ka yi tsuguno da nauyi.

Na ji an ce minti huɗu na Tabata ya fi awa ɗaya na sassarfa. Haka ne?

An cika wa maganar gishiri. Izumi Tabata da abokan aikinsa a Japan sun wallafa bincikensu a 1996: daƙiƙa 20 na aiki, daƙiƙa 10 na hutu, sau bakwai zuwa takwas, a kan keken motsa jiki. Sirrin yana cikin tsananin. Mutanen suna tuƙawa ne da ƙarfin da ya kai kusan kashi 170 cikin 100 na abin da iyakar shan oksijin ɗinsu ke iya ɗauka, irin wanda a zagaye na ƙarshe mutum ba ya ganin gabansa sosai. Abin da ake yi a ɗaki da tsalle-tsalle ana kallon agogon waya, ana kiransa da wannan sunan, bai ko kama ƙafar wancan ba.

Wannan salon na ƙure jiki a huta a sake ƙurewa, wanda ake taƙaita sunansa da HIIT, yana da amfani na gaske, yana ɗaga juriya cikin ɗan lokaci. Tsohon abu ne ma: Emil Zátopek, wanda ya lashe mita 5,000 da 10,000 da gudun famfalaki a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, da irinsa ya yi suna. Amma kuɗinsa daga aljihu ɗaya yake fita da na ɗaga ƙarfe. Wanda ke yin ƙafa sau biyu a mako ya riga ya yi atisaye mai tsanani sau biyu. HIIT sau ɗaya a mako ya ishe shi, kuma sai bayan ya yi wata ɗaya ko biyu yana gina tushe da mai sauƙi.

Wanda na fi so shi ne tsarin huɗu sau huɗu da masu bincike a jami'ar Trondheim ta ƙasar Norwe suka yaɗa: ɗumama jiki minti 10, sai minti 4 da ƙarfi har bugun zuciya ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na iyakarsa, sai minti 3 a hankali, a maimaita sau huɗu. A kan keke nake yin sa. Minti na farko sai ka ji kamar ba komai, na uku ne ke faɗa maka gaskiya.

Ba ni misalin mako guda.

Ga mai ɗaga ƙarfe sau huɗu, wanda ya raba ranakun saman jiki da na ƙafa. Litinin ƙafa mai nauyi, ba kadiyo. Talata ƙirji da baya, a bi shi da minti 25 na tafiya a kan tudu. Laraba minti 40 na keke mai sauƙi, shi kaɗai. Alhamis ƙafa ta biyu. Juma'a sama ta biyu, a ƙara minti 20 mai sauƙi idan akwai kuzari. Asabar huɗu sau huɗu, tunda Lahadi hutu ne cur kafin ƙafar Litinin. Mai ɗagawa sau uku ya fi samun sarari, sai ya cusa kadiyon a ranakun da ke tsakani. Ba ayar da ba a sauyawa ba ce, ka juya ranakun yadda aikinka ya ba ka dama, ka dai kare ranakun ƙafa daga gajiya.

Na fara gudu, mako biyu ke nan, ƙwaurina na yi mini zogi. Me ya jawo?

Gaggawa, kusan kullum. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni kaɗan, jijiyoyi da ƙasusuwa kuwa watanni suke ɗauka. Mai ɗaga ƙarfe ya fi kowa faɗawa wannan ramin, domin tsokarsa na da ƙarfin da za ta kai shi nesa fiye da abin da ƙwaurinsa ya shirya wa.

Ni haka ta same ni. Makon farko na yi kilomita uku sau biyu, na ji daɗi, mako na biyu na mayar da shi biyar sau huɗu, da takalmin da nake tsuguno da shi, mai tafin da ba ya lanƙwasa. A mako na uku, da safe idan na sauko daga gado sai na taka a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya, in na danna gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki da yatsa sai na ɗauke wuta. Wata guda na yi ba gudu, har tsugunon da nake taƙama da shi sai da na rage masa nauyi. Da na dawo, minti ɗaya nake gudu in yi tafiya minti biyu, har sau takwas, ina jin kunyar masu wuce ni.

Ka dakatar da gudun ka koma keke har zogin ya lafa, ka nemi takalmin gudu na ainihi. Idan ciwon ya tattaru a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, ko yana damunka ko kana zaune, je asibiti, domin ƙashi yakan yi 'yar tsaga saboda yawan dira.

Sai na ƙara abinci?

Idan kana son tsoka ta ci gaba da girma, e. A ƙiyasi, gudu na ƙona kusan kalori 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Mai kilo 80 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen 400. Sau uku a mako ya haura 1,000, kuma wannan ya isa ya shafe ɗan rarar da yake ci don gina jiki. Furotin ya tsaya wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinka a rana. Ƙarin da za ka yi ya fi kyau ya fito daga abinci mai sitaci, domin shi ne ke cika rumbun makamashin tsoka wanda gudu da ƙarfe ke ɗiba daga cikinsa. Ruwa ma a ƙara.

Ni ƙiba nake son ragewa. In yi kadiyo da safe kafin in ci komai?

Idan ya fi maka daɗi haka, yi. Gaskiya ne jiki na ƙona kitse da yawa a lokacin atisayen idan ciki ba komai, amma yana ramawa a sauran yinin, kuma da aka gwada mutanen da ke cin abinci daidai da juna ba a ga wani bambancin kirki a raguwar kitse ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne jimillar abin da ya shiga da wanda ya fita a mako. Kadiyo mataimaki ne a nan, cokali ne babba. Kuma kar ka ajiye ƙarfe don kana rage ƙiba, shi ne ke riƙe maka tsoka lokacin da nauyi ke sauka.

Idan na rage hutu tsakanin zagaye na riƙa ɗagawa da sauri, ban jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba?

Ka dai razana su duka biyun. Nauyin zai ragu saboda haki, juriyar kuma ba za ta kai ta mai keke ba. Ga wanda minti 30 kawai yake da shi, ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Akwai kuma abubuwan da ke tsakiya masu kyau a ƙarshen atisaye: tura kaya mai nauyi a ƙasa, ko tafiya ɗauke da ƙarfe a hannu biyu. Amma manyan ɗagawarka ka bar musu hutunsu cikakke.

Ta yaya zan gane ina ci gaba?

Ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga kwance, ka rubuta. Bayan wata biyu ya kamata ka ga ya sauka. Ko ka lura da saurin da kake yi a adadin bugun zuciya iri ɗaya: idan da kana tafiya a 135 da wani sauri, yanzu kuma ka fi haka sauri a 135 ɗin, an samu riba. Mai son gwaji na sosai ya yi na Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka da ya fito da shi a 1968: a yi gudu minti 12 a auna nisan da aka ci. A filin tsere mai zagayen mita 400 ƙirgar ba wuya. Sau ɗaya a wata biyu ya isa.

Waɗanne alamu ne ke nuna na wuce gona da iri?

Littafin atisayenka ne zai fara faɗa. Nauyin da kake ɗagawa sau takwas ya koma sau biyar, mako biyu a jere. Sai ƙafa ta yi nauyi tun a matakala, barci ya riƙa yankewa, bugun safe ya hau sama da yadda ya saba kwana da kwanaki, ka ji ba ka marmarin zuwa atisayen da da kake ɗoki. Idan biyu ko uku suka haɗu, fara cire mai tsananin, ka rage sauran da rabi na mako guda, ka duba abinci da barci.

Akwai wanda ya kamata ya ga likita tukuna?

Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari ko ciwon ƙoda, mace mai juna biyu, da wanda ya daɗe bai motsa ba kuma shekaru sun ja. Haka wanda wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a ta zuciya da ƙuruciya. Mai shan maganin da ke rage bugun zuciya ya sani lissafin 220 ɗin nan ba nasa ba ne, gwajin magana zai bi. Kuma ko waye kai, idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da aikin da kake yi, tsaya nan take ka nemi taimako.

Na yi tafiya, mako uku ban yi komai ba. Daga ina zan ci gaba?

Ƙarfinka zai jira ka fiye da juriyarka. Mako uku ba ya taɓa nauyin da kake ɗagawa sosai, amma numfashi yakan fara ja da baya tun cikin mako biyun farko, wani ɓangare saboda ruwan jini na raguwa, shi ya sa ranar da ka dawo za ka ga bugun ya hau a saurin da da yake maka sauƙi. Yana dawowa da wuri. Makon farko yi rabin mintocin da ka saba, duka masu sauƙi, na biyu kashi uku cikin huɗu, a na uku ka mayar da huɗu sau huɗu wurinsa na ranar Asabar.